BABI NA UKU: TARIHIN SHIGAR 'YAN WASA FAGEN YAƘIN JIRAGEN SAMA NA KWAMFUTA TA LAYIN SADARWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan samuwar wasannin kwamfuta da ire-irensu. A wannan babi kuwa za a dubi nau'i ɗaya daga cikinsu, wato wasan da ake kwaikwayon tuƙa jirgin saman yaƙi, inda mutanen da ke zaune a garuruwa daban-daban kan haɗu a sararin samaniya guda ta hanyar layin sadarwa su gwabza. Za a bi diddigin yadda mutanen farko suka sami kansu a cikin wannan wasa, tun daga shekarar 1974 har zuwa 2001, kuma kusan dukkan labarin a ƙasar Amurka ya faru. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sha'awar jirgi ita kaɗai ba ta isa ta shigar da mutum wannan fage ba. A kowane zamani akwai ƙofar da ake bi, kuma ita ce take tantance wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje. Da farko ƙofar jami'a ce, daga baya ta koma ta masu kumbar susa, kafin a buɗe ta ga kowa. Haka kuma za a nuna abin da ya zaunar da waɗanda suka shiga, duk da irin tsadar da suka tarar.

3.1 Ma'anar Wasan da Yadda Yake Aiki

Wasan kwaikwayon jirgin yaƙi ya bambanta da sauran wasannin harbe-harbe ta fuskar cewa a cikinsa ana ƙoƙarin bin ƙa'idojin tashin jirgi na zahiri. Kwamfuta takan yi lissafin nauyin jirgin, da ƙarfin injinsa, da yawan man da ya rage, da harsasan da ke cikin bindigoginsa. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima, gudunsa zai ragu har fukafukai su kasa ɗaukarsa ya rikito ƙasa, kamar yadda yake faruwa ga jirgin gaske.

Kafin a ce ana yin wasan ta layi, sai abubuwa uku sun haɗu. Na farko ita ce na'urar da ke gaban ɗan wasa, wadda yake kallon allonta. Na biyu ita ce babbar kwamfuta mai masaukin baƙi, wadda take karɓar labarin inda kowane jirgi yake ta rarraba wa sauran. Na uku shi ne layin da ya haɗa su. Tarihin da za a kawo a ƙasa, tarihi ne na yadda waɗannan abubuwa uku suka riƙa sauƙaƙa har suka kai ga hannun jama'a.

3.2 Ƙofar Farko: Jami'a da Ma'aikata

A shekarar 1960 ne aka fara gina wani tsarin koyarwa ta kwamfuta mai suna PLATO a Jami'ar Illinois ta Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Donald Bitzer. Manufar tsarin ita ce ɗalibai su riƙa ɗaukar darasi ta alluna masu yawa waɗanda aka haɗa da babbar kwamfuta guda. Zuwa shekarar 1972 an fito da zubi na huɗu na wannan tsari, mai allo da ke iya zana hotuna da layuka masu launin ruwan lemo, kuma an kai allunan makarantu da cibiyoyi a wasu garuruwa. Da ɗalibai suka fahimci cewa abin da wani ya yi a allonsa yana iya bayyana a allon wani, sai suka shiga rubuta wasanni.

Daga cikin waɗannan wasanni akwai Airfight, wanda Brand Fortner ya rubuta a wajajen shekarar 1974. A cikinsa ɗan wasa yakan zaɓi jirgin yaƙi, ya ɗora masa mai da makamai, ya tashi daga filin jirgi, sannan ya shiga farautar sauran waɗanda suke cikin wasan a lokacin. Hoton layuka ne kawai, kuma yana sauyawa a hankali ƙwarai, amma duk jirgin da aka hango a allo mutum ne yake tuƙa shi. Sai dai kuma ba kowa ne yake da damar zama gaban allon PLATO ba. Dole mutum ya kasance ɗalibi ko ma'aikaci a cibiyar da take da shi, sannan hukumomin makarantu ba su cika son a cinye lokacin kwamfuta da wasa ba, don haka yawanci da daddare ake yi, bayan an tashi daga darasi.

Irin wannan ya sake faruwa a kamfanin Silicon Graphics da ke jihar Kalifoniya. A shekarar 1983 wani injiniyan kamfanin mai suna Gary Tarolli ya rubuta manhajar tuƙin jirgi domin nuna wa masu saye ƙarfin kwamfutocinsu wajen zane. Ba a jima ba aka ƙara mata damar haɗa kwamfutoci da yawa su yi faɗa da juna, aka kira wannan zubi Dogfight. Amma kwamfutocin na manyan ma'aikatu ne da ɗakunan bincike, ba wanda yake sayen irinsu ya ajiye a ɗaki. Ke nan a wannan mataki, masu shiga wasan su ne waɗanda karatu ko aiki ya kai su kusa da na'urar.

3.3 Zaman Kaɗaici a Gida

A daidai wannan lokaci ne ƙananan kwamfutoci suka fara shiga gidaje. Bruce Artwick, wanda shi ma a Jami'ar Illinois ya yi karatu, ya kafa kamfanin subLOGIC tare da Stu Moment, suka fitar da Flight Simulator a kan kwamfutar Apple II tsakanin ƙarshen 1979 da farkon 1980. A 1982 kamfanin Microsoft ya fitar da zubinsa na kwamfutar IBM. A wannan shekara kuma Sid Meier da Bill Stealey suka kafa kamfanin MicroProse, wanda ya fitar da F-15 Strike Eagle a 1984. Fim ɗin Top Gun na 1986 ya ƙara rura wutar sha'awar jiragen yaƙi a zukatan matasa.

Waɗannan wasanni sun koya wa dubban mutane yadda ake tashi da sauka da karanta agogunan da ke gaban matuƙi. Amma suna da rauni ɗaya, wato abokin gaba a cikinsu kwamfuta ce. Duk wanda ya daɗe yana karawa da ita zai gane cewa dabararta ba ta sauyawa, da zarar ya haddace ta kuwa, armashin wasan ya tafi. Wasu wasannin, kamar Falcon na kamfanin Spectrum HoloByte wanda ya fito a 1987, sun ba da damar mutum biyu su haɗa kwamfutocinsu da waya su kara. To, amma wannan yana buƙatar mutum ya riga ya san wani mai irin kayansa da irin sha'awarsa. Bisa ga haka, kafin ƙarshen shekarun 1980 an sami tarin mutanen da suka iya tuƙi a gida, amma ba su da abokan karawa. Waɗannan su ne suka fara cika fagen da aka buɗe daga baya.

3.4 Kamfanin Kesmai, GEnie da Air Warrior

Kelton Flinn da John Taylor abokai ne da suka haɗu a Jami'ar Bajiniya, inda suka riƙa rubuta wasannin da mutane da yawa ke yi a lokaci guda. A farkon shekarun 1980 suka kafa kamfanin Kesmai, suka fara sayar da wasanninsu ta hannun CompuServe, wanda a lokacin shi ne babban kamfanin da ke haɗa masu kwamfuta ta layin tarho. Daga cikin wasannin akwai MegaWars III da Island of Kesmai, waɗanda da haruffa da alamomin rubutu ake nuna komai a cikinsu.

A 1985 kamfanin General Electric ya buɗe nasa dandalin mai suna GEnie, a ƙarƙashin Bill Louden, wanda tsohon ma'aikacin CompuServe ne. Dalilin buɗe shi yana da muhimmanci ga wannan tarihi. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci da 'yan kasuwa ke haya da rana, da dare kuma su zauna babu aikin yi. Sai aka yanke shawarar sayar wa jama'a waɗannan awoyi na dare da na ƙarshen mako da rahusa. A kan wannan dandali ne Kesmai ya buɗe Air Warrior a shekarar 1987, da farko ga masu kwamfutar Macintosh, daga baya ga masu Amiga da Atari ST da kuma IBM.

Dabarar da ta sa wasan ya yiwu ita ce rabon aiki. Layin tarho na lokacin, ta na'urar modem mai gudun bit 1200 a daƙiƙa, bai wuce ya ɗauki haruffa kimanin 120 a daƙiƙa ɗaya ba, don haka ba zai iya ɗaukar hoto mai motsi ba. Sai aka bar wa kwamfutar ɗan wasa aikin zana hoto da lissafin tashin jirgi, ita kuwa babbar kwamfuta aikinta kawai ta karɓi 'yan lambobin da ke nuna inda kowane jirgi yake, ta aika wa na kusa da shi. Da wannan ne mutum da ke Nuyok ya iya ganin jirgin wanda ke Teksas a allonsa. Idan layi ya sami tangarɗa, sai a ga jirgin abokin gaba ya yi tsalle daga wannan wuri zuwa wancan, abin da ya daɗe yana jawo gardama tsakanin 'yan wasa.

3.5 Matakan Shiga da Abin da Sabon Shiga ke Tararwa

Yawancin mutanen farko sun ji labarin wasan ne ta hanyoyi uku: ta mujallun kwamfuta, ko ta zaurukan tattaunawa na GEnie inda suka riga suka zama mambobi, ko kuma daga bakin wani abokin aiki. Bayan jin labari, sai mutum ya tanadi kwamfuta da modem da layin tarho, ya yi rajista da GEnie, sannan ya sauko da manhajar wasan ta layi, aikin da shi kansa yakan ci lokaci mai tsawo ana kuma lissafa masa kuɗi. A 1993 an fitar da zubin wasan a kwali ana sayarwa a kantuna, wanda ya zama wata sabuwar hanyar da mutane suka san da shi.

Da mutum ya shiga, sai ya zaɓi laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, ya kuma zaɓi ɗaya daga cikin ƙasashe uku na ƙirƙira, wato A da B da C, waɗanda kullum suke cikin yaƙi da juna. Akasarin jiragen na Yaƙin Duniya na Biyu ne, kamar Spitfire na Ingila, da Mustang na Amurka, da Focke-Wulf 190 na Jamus, da Zero na Japan. Wanda bai iya tuƙi ba yana iya hawa babban jirgin jefa bama-bamai irin B-17 ya riƙe bindiga, wani yana tuƙawa. Magana kuwa da rubutu ake yin ta, mutum yana riƙe da sandar tuƙi da hannu ɗaya yana buga haruffa da ɗayan.

Darasin farko da sabon shiga yake koya mai ɗaci ne. Mutumin da ya saba kakkaɓo jiragen kwamfuta a gida har yana ganin kansa gwani, sai ya tarar an harbo shi tun bai ga wanda ya harbe shi ba. Tsofaffin hannu sun san cewa wanda ya fi nisa sama shi ne da rinjaye, domin yana iya mayar da tsayinsa gudu ya faɗo wa na ƙasa, ya yi harbi ya sake hayewa. Sun kuma san cewa kowane jirgi da irin faɗan da ya dace da shi: Zero da Spitfire sun fi iya juyi a ƙuntataccen wuri, Focke-Wulf da Mustang kuwa da gudu suke cin nasara. Wannan ya sa 'yan wasa da yawa suka koma ga littattafai, musamman littafin Fighter Combat na Robert Shaw, tsohon matuƙin jirgin yaƙi na Amurka, wanda aka buga a 1985.

3.6 Tsada a Matsayin Mai Gadin Ƙofa

Babban abin da ya tantance masu shiga a wannan zamani shi ne kuɗi. A farkon GEnie, kuɗin awa ɗaya da dare ko ƙarshen mako dala 5 zuwa 6 ne, da rana kuwa ya haura dala 30, sannan wanda yake son layi mafi sauri sai ya ƙara. Domin a gane nauyin wannan, ya kamata a tuna cewa mafi ƙarancin ladan aikin awa ɗaya da dokar tarayyar Amurka ta amince da shi daga 1981 zuwa 1990 shi ne dala 3.35. Ke nan awa ɗaya ta wasa ta fi ladan awa ɗaya ta ƙaramin ma'aikaci. Idan mutum ya yi awa uku kowane dare a kan dala 6, a wata guda zai biya dala 540. Ban da wannan ga kuɗin kayan aiki, domin kwamfutar Macintosh ta farko dala 2,495 aka sayar da ita a 1984. Wanda kuma garinsa ba shi da lambar kiran GEnie ta kusa, sai ya haɗa da biyan kuɗin kiran nesa.

Wannan tsada ta haifar da abubuwa uku. Na farko, ta sa akasarin 'yan wasan farko manya ne masu albashi, irin su injiniyoyi da ma'aikatan kwamfuta da matuƙan jirage, yara kuwa ba su da yawa. Na biyu, ta mayar da wasan na dare, tun da a lokacin ne kuɗi yake sauka, don haka mutane iri ɗaya ne suke haɗuwa a lokaci ɗaya kusan kullum har suka san juna. Na uku, ta sa kowane tashi yana da daraja. Mutumin da ya ɓata minti goma sha biyar yana hawa sama aka harbo shi a daƙiƙa biyar, ya yi asarar kuɗi na zahiri, saboda haka dole ya koyi haƙuri da dabara ko ya bar fagen.

3.7 Abin da Ya Zaunar da Su

Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa mutane suka ci gaba da biyan irin wannan kuɗi a kan hoton da bai kai na wasannin gida kyau ba? Amsar tana ga abokin karawa. Kamar yadda mai dara ba ya jin daɗin ci sai a gaban wanda ya san hannu, ga kuma 'yan kallo, haka nasara a kan mutum mai suna da laƙabi ta fi nasara a kan na'ura. Mutum yana yaudara, yana tsorata, yana yin kuskure, gobe kuma ya dawo neman fansa.

Daga nan ne zumunci ya ƙullu. 'Yan wasa suka kafa rundunoni masu suna da shugaba da daren fita na mako-mako. Tsofaffi suka riƙa koyar da sababbi, har aka sami tsararren horo ga masu son koyo. An kuma riƙa shirya manyan gwabzawa da ake kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi, inda kowa ke da matsayinsa da umarnin da zai bi. Daga baya abin ya fita daga allo, aka fara taron shekara-shekara inda mutanen da suka daɗe suna harbin juna suke ganin fuskokin juna a karon farko. Saboda haka ana iya cewa jirgi ne ya kawo su, amma jama'a ce ta hana su tafiya.

3.8 Zuwan Intanet da Kuɗin Wata

Masu iya magana na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A farkon shekarun 1990 dandalin The Sierra Network ya kawo wasan Red Baron na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya fi sauƙin koyo. A 1995 kuma aka buɗe WarBirds, wanda Dale Addink, tsohon ɗan wasan Air Warrior, yake cikin waɗanda suka gina shi. Shi wannan ta intanet ake shigarsa kai tsaye ba tare da bin wani dandali ba, a kan kimanin dala 2 a awa.

Babban sauyi ya zo ne a watan Disamba na 1996, lokacin da kamfanin America Online ya koma karɓar dala 19.95 a wata ba tare da ƙidayar awoyi ba. Da yake a lokacin Air Warrior yana kan wannan dandali, sai sababbin 'yan wasa suka kwararo, cikinsu har da yara 'yan makaranta. Tsofaffin hannu sun yi ta ƙorafin cewa ladabin fage ya ragu, amma wasan bai taɓa samun jama'a kamar haka ba. A 1997 Kesmai, wanda kamfanin News Corporation ya saye tun 1994, ya buɗe dandalinsa mai suna GameStorm a kan dala 9.95 a wata, kuma a wannan shekara ce Fighter Ace ya bayyana a dandalin wasanni na Microsoft.

Sai dai sauƙin kuɗi bai ceci gidajen farko ba. An rufe GEnie a ƙarshen 1999. A wannan shekara kamfanin Electronic Arts ya sayi Kesmai, kuma a ƙarshen 2001 ya rufe Air Warrior. A nan ne 'yan wasa suka fahimci cewa filin da suka shekara goma sha huɗu suna haɗuwa a cikinsa ba nasu ba ne, na mai babbar kwamfuta ne. Amma rundunonin ba su watse duka ba. Da yawa sun ƙaura da sunayensu da laƙabobinsu zuwa WarBirds da kuma Aces High, wanda Dale Addink ya fitar a shekarar 2000. A 2001 ɗin kuma aka fitar da IL-2 Sturmovik daga ƙasar Rasha, wanda ya bai wa 'yan wasa damar buɗe fagen kansu a kwamfutocinsu.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda shiga wasan yaƙin jiragen sama ta layi ta bi matakai huɗu. An fara da ɗalibai da injiniyoyi masu kusanci da manyan na'urori, aka zo kan masu koyon tuƙi su kaɗai a gida, sannan masu halin biyan kuɗin awa a GEnie, daga ƙarshe kuɗin wata da intanet suka buɗe ƙofa ga jama'a. An kuma ga cewa farashin layi ne ya tsara shekarun 'yan wasan farko, da lokacin haɗuwarsu, har ma da yadda suke faɗa. Rufe Air Warrior a 2001 ya nuna cewa kamfani yana iya kashe wasa, amma al'adun da aka kafa a cikinsa, kamar laƙabi da runduna da koyar da sabon shiga, sun bi mutanen zuwa inda suka koma. A babi na gaba za a dubi kalmomi da salon maganar da waɗannan rundunoni suka ƙirƙiro wa kansu.